Hatsi a Kan Dutse, Takarda a Ƙasa

Masu bibiyar wannan shafi sun lura cewa makon jiya ban leƙo ba, har wasu suka aiko suna tambaya ko lafiya. Na gode, lafiya lau nake. Shanya ce ta tsare ni. Kwana huɗu na yi ina baza takardu a falo da baranda da kan gadon yara, kamar mai shanyar kuɓewa, fanka tana kaɗawa idan an kawo wuta, idan an ɗauke kuma mu koma fifita da murfin kwali. Tun da dai abin ya riga ya faru, na ga gara in ba da labarinsa, domin na tabbata a wannan wata na marka ba gidana kaɗai ba ne.

A ƙarshen bazara na yi wata dabara da na ɗauka ta masu hangen nesa ce. Wasu 'yan kuɗi suka shigo, na ce maimakon in riƙa sayen takarda rim ɗaya yau, ɗaya gobe, kullum da sabon farashi, bari in saya a dunƙule. Na sayi kwali huɗu na farar takardar buga aiki, kowane kwali rim biyar, kowane rim falle 500. Na haɗa da littattafan rubutu na yara da za su kai su ƙarshen shekarar karatu mai zuwa. Uwargida ta ce tun da abin na sari ne, a saka mata da tishu, aka ɗauko babban ɗauri biyu. Lissafin ba shi da aibi. Masana'antun takarda uku da gwamnatin tarayya ta taɓa kafawa, a Jebba da Iwopin da Oku Iboku, babu wadda ke samar wa ƙasar nan farar takardar rubutu yadda take buƙata, saboda haka daga waje ake shigo da ita, farashinta kuma yana bin dala sau da ƙafa. Tun da aka saki Naira ta nemo darajarta da kanta a watan Yunin 2023, duk malamin da ke buga takardun jarrabawa, da duk uban da ke sayen littattafan rubutu, ya san abin da nake nufi. Wanda ya saya da wuri ya ci riba. Tambayar da ban yi wa kaina ba ita ce: idan na saya, a ina zan ajiye?

Na ajiye a sito. Mu nan ba mu cika gina ɗakin ƙarƙashin ƙasa irin na Turawa ba, amma kusan kowane gida yana da ɗan'uwansa, wato ɗakin da ya fi kowanne ƙasa, ya fi kowanne duhu, wanda magini ya ware daga abin da ya rage na fili bayan an fitar da ɗakunan mutane. Zuru gari ne mai tudu da gangare, kuma gidan da nake ciki a kan gangare yake, sai ka sauka matakala biyu kafin ka shiga sitonmu. Taga ɗaya ce da shi, ƙarama, ita ma an toshe ta da kwali saboda ɓera. A nan na jera kayana a kan daɓen siminti, na jingina su da bango don kada su tare hanya. Da na ga akwai sauran wuri, sai na yi kuskuren da ya fi duka, na ɗauko akwatin ƙarfe na marigayi mahaifina daga ƙarƙashin gadona na kai shi can, wai don ɗaki ya sarara.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, ambaliya ba ta shiga gidana ba. Bango bai faɗi ba, rufi bai yi yoyo ba. An dai yi kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, lambatun bayan gida ya cika ya tsaya, shi ke nan. Wari ne ya kai ni siton, irin warin nan na tsohuwar rijiya. Na tarar gindin kwalaye ya jiƙe ya yi laushi kamar gurasa. Littattafan rubutun da ke ƙasa sun kumbura sun manne da juna, fumfuna ta yi musu fure, baƙi da kore, wadda mu a nan yamma muke ce wa hunhuna. Tishu ya sha ya ƙoshi. A jikin bango kuma ga hanyar gara, siririya, ta taso daga tsagar daɓe ta nufi kwalin da ya fi kusa.

Daga ina ruwan ya fito? Daga ƙasa, kuma daga iska. Bulo da siminti suna kama da abu toshe a ido, alhali cike suke da ƙananan ƙofofi, suna zuƙo ruwa daga jiƙaƙƙiyar ƙasa zuwa sama kamar yadda lagwani ke zuƙo kananzir. Shi ya sa za ka ga fenti yana ɓarewa a gindin bango daidai gwiwa, wani farin gishiri yana fitowa. Ƙa'idar gini ita ce a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba daɓe, a kuma sa abin da zai yanke wa danshi hanya a gindin bango, to amma wannan na cikin abubuwan da ake fara tsallakewa idan kuɗi suka yi ƙaranci, tun da ba wanda zai gani. Ita kuwa takarda asalinta itace ce, zaren tsiro ne aka niƙa aka shimfiɗa, kuma ba ta manta halinta na shan ruwa ba. Ko wadda kake gani a bushe tana ɗauke da ruwa kamar kashi 5 cikin ɗari na nauyinta. Idan iska ta yi laima sai ta ƙara sha, idan ta bushe ta amayar. Masu kula da ɗakunan adana tarihi suna ƙoƙari su tsayar da laimar iska ƙasa da kashi 50 cikin ɗari, domin da zarar ta wuce 65 ta daɗe a haka, fumfuna ta samu gona. Safiyar watan Agusta a ƙasar Zuru takan wuce wannan nesa ba kusa ba. Ka haɗa wannan da ɗaki rufaffe mara iska da daɓe mai sanyi, ka ga ba a buƙatar ambaliya.

Ina jin hunturu ne ke yaudararmu. Rabin shekara muna cikin ƙasar da leɓe ke tsagewa, bangon littafi yana lanƙwashewa don bushewa, sai mu ɗauka mu mutanen ƙasar fari ne, danshi matsalar Legas da Fatakwal ce. Alhali kudancin Kebbi ya fi Birnin Kebbi da Sakkwato samun ruwa, damina takan sauka da wuri ta kuma daɗe. Wurin da ka gwada a watan Maris ka ga ƙura, ba shi ne wurin da za ka tarar a watan Agusta ba.

Asarar takardar sari ba ta hana ni barci ba. Kuɗi ne, za su dawo. Hasali ma na koyi wani abu: duk rim ɗin da ban ɓare ba ya tsira, ko da kwalinsa ya lalace, domin takardar da ake naɗe rim da ita an shafe cikinta da abin da ke tare danshi. Biyun da na ɓare na ɗiba na bari a buɗe su ne suka yi tudu da kwari, injin buga takardu yana haɗiye su yana shaƙewa. Abin da ya hana ni barci shi ne akwatin Baba.

Duk wanda ya san Zuru ya san irin wannan akwati. Ƙasa ce da ta ba rundunar sojan Najeriya 'ya'yanta tun zamanin Turawa, daga waɗanda aka kai Bama a yaƙin duniya na biyu, zuwa waɗanda suka yi yaƙin basasa tsakanin 1967 da 1970, zuwa manyan janar-janar da sunayensu ba ɓoyayyu ba ne. Da wuya ka shiga gida a Rikoto ko Dabai ko Senchi ka rasa tsohon soja, ko gwauruwar soja, ko akwatin da soja ya bari. A cikin namu akwai littafin sallamarsa daga aiki, da hotunansa cikin kaki, da takardun haihuwarmu, da wasiƙun da ya riƙa aiko wa mahaifiyarmu. Akwai kuma falle ɗaya da aka yago daga littafin rubutu na 'yan makaranta, wanda aka rubuta cinikin gonarmu a kai a shekarar 1981, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, shekara goma kafin a ƙirƙiro Kebbi. Sunan mai sayarwa, da kuɗin da aka biya, da iyakoki: daga ɗorawa zuwa rafi, daga kaɗanya zuwa hanyar shanu. Shaidu huɗu suka dangwala yatsa.

Akwatin ƙarfe yana hana ɓera, amma ba ya hana danshi. Gindinsa ya yi tsatsa ya huje, abin da ya shiga kuma bai samu hanyar fita ba. Littafin sallama ya tsira da tabo. Hotuna biyu sun manne fuska da fuska. Takardar gona, da yake da alƙalamin ruwa aka rubuta ta, rabinta na ƙasa ya koma shuɗin girgije. Sunan mai sayarwa yana nan. Iyakokin ne suka tafi, da sunayen shaidu uku. Daga cikin mutum huɗun nan, ɗaya kaɗai ke raye. Wanda ya taɓa zama a kotu ranar da ake shari'ar gona tsakanin jikoki ya san nauyin wannan magana. Gara da danshi sun raba zumunci fiye da yadda ake zato, sai dai ba a kiran sunansu a gaban alƙali.

Ina cikin wannan shanya wata gwaggona ta zo daga ƙauye. Ta dubi takardun, ta leƙa siton, ta tambaye ni ko na taɓa ganin wanda ya zuba dawa a ƙasa ya rufe ƙofa. Ba ta ƙara komai ba, ta wuce wajen uwargida. Ni kuwa da digirina uku na tsaya ina kallon ƙasa.

Domin gaskiyarta. Ku dubi rumbu, na Lelna ko na Bahaushe. Ba a taɓa ɗora shi a kan ƙasa. Sai an jera duwatsu, an gina gindinsa a kansu, an bar sarari a ƙarƙashi inda iska ke ratsawa, inda kaji ke fakewa da rana suna tsince duk ƙwaron da ya doso. A sama a kifa masa hular ciyawa mai faɗi da ke jefa ruwa nesa da jikinsa. Ba a zuba hatsi sai ya bushe ƙayau. Ba a jingina shi da katanga. Mai rumbu yakan zagaya shi, yana duba ko gara ta fara hawa dutse. Duk abin da littattafan kimiyyar adana takardu ke faɗa, a ɗaga daga ƙasa, a nisanta daga bango, a bar iska ta wuce, a adana abu yana bushe, a riƙa dubawa, yana nan a tsakar gidan kakata, an gina shi da laka. Takarda da hatsi abokan gabansu ɗaya ne: danshi, fumfuna, gara, ɓera. Mun san yadda ake kare ɗaya tun kaka da kakanni, amma ba mu taɓa ɗaukar ɗayar a matsayin abin da ke ruɓewa ba.

Malamanmu na zaure su ma sun sani. Littafin da aka rubuta da hannu ba a ɗinke shi, ana haɗa fallayensa tsakanin bango biyu na fata a ɗaure, a saka a gafaka, a rataye gafakar a bango ko a ɗora ta a can sama. Mukan ce girmamawa ce, don kada sunan Allah ya taɓa ƙasa, kuma haka ne. Sai dai girmamawar ta zo da kariya a cikinta. Tawadar gawayi da ƙaro an yi ta ne don ta wanku, shi ya sa almajiri ke wanke allonsa ya sake rubutu, saboda haka malamin da ya rubuta da irinta a takarda ya san ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya shafe aikin wata guda. Da wannan kulawa ce rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u suka ratso damina kusan ɗari biyu suka iso hannunmu. Takardar ma ta taimaka: mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ake yi a arewacin Italiya a ratso da ita Sahara, da tsummokara ake yin ta, ta fi ta yanzu ƙarko. Ta yanzu, musamman ta jarida da ta littattafan rubutu masu araha, ko ba danshi tana yin ja ta gaggautsa da kanta. Wato mun gaji takarda mai rauni, muka kuma yar da tarbiyyar ajiye ta.

Kada a ɗauka wannan sakaci namu ne mu kaɗai. Ranar 4 ga Nuwamban 1966 kogin Arno ya yi ambaliya a birnin Fulorens na Italiya, ya shiga babban ɗakin karatu na ƙasa da ke bakin kogin, inda aka tara dukiya mai yawa a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da na ƙasa. Littattafai da jaridu da taswirori fiye da miliyan ɗaya suka nutse cikin laka da man fetur. Matasa suka zo daga ƙasashe daban-daban suna miƙa wa juna jiƙaƙƙun littattafai hannu da hannu, kuma an shafe shekaru masu yawa ana gyara. Yawancin dabarun ceton takarda da ake koyarwa yau daga wannan musiba suka samo asali. Kusa da mu kuma ga Tumbutu. Da 'yan bindiga suka mamaye garin a 2012, Abdulƙadir Haidara da iyalan da suka gaji ɗakunan karatu suka yi ta fitar da rubuce-rubucen hannu a ɓoye cikin akwatunan ƙarfe, ta mota da ta kwalekwale, zuwa Bamako. Sun tsira daga wuta, sai ga sabon abokin gaba: littattafan da suka yi ɗaruruwan shekaru a busasshiyar iskar bakin Sahara sun sauka a gari mai laima, har sai da aka nemo na'urorin tsotse danshi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, in ji masu iya magana, ko da yake a wannan karon gudun ya zama dole.

A gida kuwa ba mu rasa gargaɗi ba. A 2010 ruwa ya cinye hanyar da ke shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, karatu ya tsaya. A 2020 ambaliya ta shafe gonakin shinkafa a Kebbi. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. A Mayun 2025 Mokwa ta ga abin da ba za ta manta ba. Bayan kowace irin wannan musiba ana ƙirga rayuka, da gidaje, da kadada nawa ta gona, kuma daidai ne a fara da su. Amma wata uku bayan ruwa ya janye akwai wani layi da ba a ɗaukar hotonsa: na masu neman rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu, domin shaidar karatunsu ta narke. Da yawa a lokacin ne suke fara jin cewa hukumar jarrabawa ta WAEC ba ta sake buga takardar shaida ta asali, sai dai ta ba ka wata da ke tabbatar da sakamakonka, haka nan hukumar yi wa ƙasa hidima wasiƙar tabbatarwa take bayarwa a madadin wadda ta ɓata. Waɗannan ma masu sa'a ne, tun da akwai ofishin da ke riƙe da asalin bayanin. Takardar cinikin gona, da wasiyya, da takardar bashi tsakanin mutum biyu, ba su da uwa a wani ofishi. Akwai kuma 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba, waɗanda takardunsu ke cikin buhu a kusurwar kangon da aka ba su aro. Su ba su da zaɓin ɗaki. Mu da muke da shi ba mu da uzuri.

Ofisoshin da muke dogaro da su fa? A nan zan taɓa gidanmu, mu ma'aikata. Na shiga ma'ajiyar fayiloli a wurare da dama cikin shekarun aikina, makarantu da sakatariyoyi da wuraren rajista, ba zan kama suna ba domin halin kusan ɗaya ne. Ofishin shugaba yana sama, da na'urar sanyaya ɗaki da labule. Fayilolin da aikin gaba ɗaya ya dogara a kansu suna ɗakin ƙarshe na ƙasa, kusa da banɗaki, an ɗaure su da igiya an tara a kan daɓe har rufi. Mu malamai muna tara takardun amsar jarrabawa a haka, alhali ranar da ɗalibi zai yi ƙorafin maki su ne kaɗai hujja, tasa da tamu. Katako da ƙusa da za su ɗaga waɗannan takardu taƙi biyu daga ƙasa ba su kai kuɗin lemon taro ɗaya ba. Ba kuɗi ne babu ba; ba a ɗauki takardar da aka gama aiki da ita a bakin komai ba ne, sai ranar da aka neme ta.

To me na koya, bayan gari ya waye mini a makare? Na farko dai, takardun gida iri biyu ne, kuma kuskurena shi ne haɗa su ɗaki ɗaya. Akwai wadda kuɗi ke mayarwa, akwai wadda ba ta da madadi. Ta biyun ba ta da abin yi a sito ko kaɗan. Wurinta ɗakin da ake kwana, inda ake buɗe taga kullum, a saman durowa ko kan kanta mai tsawo, nesa da bangon da ruwa ke duka. Kuma a ɗauke ta hoto da waya yau, ba gobe ba, a tura hoton inda ba zai tafi tare da wayar ba idan aka sace ta, a bar kwafi wajen ɗan'uwa a wani gari. Hoto ba ya zama asali, amma dokar shaida ta ƙasar nan ta yarda a gabatar da kwafi idan an tabbatar cewa asalin ya ɓata ko ya lalace. Da na yi wannan aikin na minti biyu a bara, da yau ina da iyakokin gonarmu.

Ina da ja a kan wata al'ada da ta zama ruwan dare, wato kai takardar shaida a manne ta cikin roba da zafi. Mutane suna yi ne don tsoron ruwa, na fahimta. Amma abu ne da ba a warwarewa, zafin da gam ɗin suna cin takardar a hankali, tambarin da aka danna yana shafewa, wasu ofisoshin, musamman na ƙasashen waje, ba sa karɓarta ma. Idan gefe ya ɗan buɗe kuwa, ruwa ya shiga ke nan ba fita. Jakar roba mai buɗewa ta fi, a saka takarda tana bushe, a riƙa fito da ita tana shan iska. Haka ma ƙulle littattafai cikin leda a ranar da ake marka: ka ɗaure su ne tare da laimar ranar. Rasit ɗin na'urar cirar kuɗi kuwa, irin mai santsin nan, ko a busasshen wuri rubutunsa gushewa yake yi cikin watanni, wanda ya biya kuɗin makaranta ko na haya da shi ya yi masa kwafi tun yana karantuwa.

Kayan sari kuma, ban ce a daina saye ba, halin kasuwa bai bar mu mu daina ba. Amma lokacin sarin takarda shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Nuwamba, ta yadda yawancinta za ta ƙare kafin marka ta dawo. Idan dole ta kwana damina, a yi mata rumbu: bulo huɗu da katako a kai, tazarar hannu tsakaninta da bango, tagar sito a sa mata raga maimakon a toshe ta, kada a ɓare rim sai za a yi aiki da shi. Mazubin roba mai murfi ya fi kwali, domin kwali shi kansa abincin gara ne. Tishun da ruwan ambaliya ya taɓa kuwa a zubar, kada a shanya. Ruwan da ya ratso unguwa ya gaisa da shadda kafin ya iso gidanka.

Idan kuma mai aukuwa ta auku, kwana biyu kake da su kafin fumfuna ta kama. Kada ka yi abin da na yi a ruɗe, na ja fallaye biyu da suka manne, rubutun ɗaya ya bi ɗaya. A shimfiɗa a inuwa inda iska ke kaɗawa, ba a tsakiyar rana ba, kuma ban da dutsen guga. Littafi a tsayar da shi a buɗe kamar fifi, ko a riƙa saka farar takarda busasshiya tsakanin shafuka ana sauyawa. Fumfuna ba a goge ta tana ɗanya, sai ta bushe a kakkaɓe ta a waje da burushi mai laushi, a rufe hanci, musamman mai asma. Masana a ƙasashen da suka ci gaba sukan jefa jiƙaƙƙun takardu cikin firiza su daskare, don su tsayar da lalacewa har su samu sukuni. Na karanta wannan shawara da fitilar waya, don haka ban tsaya dogon tunani a kanta ba.

Kafinta ya zo shekaranjiya ya kafa mini kanta mai hawa uku, ta ƙasan ta kai gwiwa. Akwatin Baba ya koma ɗakina, wannan karon a sama. Sauran magana ita ce ta gona. Na yi waya da yayana da kuma 'ya'yan wanda ya sayar wa Baba, mun yi sa'a har yanzu akwai mutunci tsakaninmu, ba wanda ya ɗaga murya. Mun shirya ranar Asabar za mu ɗauki tsohon nan da ya rage cikin shaidu, da mai unguwa, da maƙwabtan gona ta gabas da ta yamma, mu taka iyaka da ƙafa, a sake rubutawa kowa ya sa hannu, a yi kwafi huɗu. An ce mini kaɗanyar tana nan, amma ɗorawar an sare ta tun shekaru biyar da suka wuce, sai dai a nemi kututturenta. Tsohon ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni, amma ɗansa ya ce ya tuna wurin sarai. Muna roƙon Allah Ya sa rafi ya bari mu haye.